Gwamnati Ta Buɗe Bakin Aljihu Ko Ta Sakar Wa Kasuwa Mara?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar tattalin arziki ya ɗan yi sanyi, sai ka ji masana da 'yan siyasa sun haɗa baki: gwamnati ta ciyo bashi, ta zuba kuɗi, a farfaɗo da kasuwa. Ni kuma tambayata ɗaya ce, kuɗin daga ina? Gwamnati ba ta noma, ba ta ƙira. Ko dai ta karɓa a hannun mutane da sunan haraji, ko ta ranto abin da harajin gobe zai biya, ko ta sa babban banki ya buga. Na ukun ma haraji ne, sai dai ba a aiko maka da takarda, ranar da ka je sayayya za ka gane an zaftare maka.

Wani Bafaranshe, Frédéric Bastiat, ya warware wannan tun 1850. Yaro ya fasa gilashin tagar wani mutum, 'yan kallo suka ce ai ba a yi asara ba, mai sa gilashi ya samu aikin faran 6, wato kuɗin Faransa na lokacin. Bastiat ya ce wannan shi ne abin da ido ya gani. Abin da bai gani ba shi ne takalmin da mutumin zai saya da faran 6 ɗin, da mai ɗinkin takalmin da cinikinsa ya bi ruwa. Gadar da gwamnati ta gina ana zuwa da 'yan jarida a yanke ƙyalle. Masana'antar da ba a gina ba saboda haraji ya cinye jarin, wa zai ɗauki hotonta?

Ni a ganina gwamnati ta tsare iyaka, ta tsare kotu, ta kare dukiyar mutane da darajar kuɗi. Sauran a bar wa masu shi.

Hajiya Zainab:
Wa alaikumus salam Malam. Labarin tagar nan yana da daɗi, amma akwai abin da ya ɓoye a cikinsa. Ya ɗauka cewa mutumin tabbas zai sayi takalmin. To idan tsoro ya kama shi ya ƙulle faran 6 ɗin a akwati fa? Idan mai takalmin da mai gilashin da maƙwabtansu duk sun ƙulle nasu a lokaci guda fa?

Abin da ya faru a Amurka ke nan daga 1929 zuwa 1933. Injinan masana'antu ba su lalace ba, ma'aikata ba su manta sana'arsu ba, gonaki na nan. Amma mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ya rasa, bankuna wajen 9,000 suka durƙushe. Ga mai son aiki, ga inji a kashe, ga mai buƙatar kayan, an rasa abin da zai haɗa su. Masanin tattalin arziki ɗan Ingila John Maynard Keynes ya zo a 1936 ya ce dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin da na kashe shi ne kuɗin shigarka, wanda ka kashe shi ne nawa. Idan kowa ya ja hannu rana ɗaya, kowa ya talauce, har abin da ake son tarawar ma ya ragu. A irin wannan hali, idan gwamnati ta ɗauki mai zaman kashe wando aiki, ba ta ƙwace shi daga hannun kowa ba, don dama babu mai nemansa. Bastiat yana da gaskiya ne a ranar da kowa ke da aiki.

Abba:
Anti Zainab ki yi haƙuri, ni ɗalibi ne a wannan fage. Magidanci idan samunsa ya ragu, rage kashewa yake yi, ba ya zuwa ya ci bashi ya ƙara faɗaɗa gida. Me ya sa abin da yake hankali a gida zai zama wauta a gwamnati?

Hajiya Zainab:
Ƙanena, saboda magidanci ɗaya idan ya tsuke, albashinsa ba ya raguwa don ya tsuke. Shi ɗigo ne a teku. Gwamnati kuwa a ƙasashe da yawa ita ke kashe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na duk abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Idan ta ja hannu, masu yi mata aiki sun rasa samu, waɗanda suke saye a wajensu sun rasa ciniki, harajin da take karɓa a hannunsu duka ya faɗi. Tana iya rage kashewa ta wayi gari giɓin da take son cikewa yana nan daram.

Malam Habibu:
Hajiya, tunda kin kawo 1929, mu tsaya a nan. Masana tattalin arziki Milton Friedman da Anna Schwartz sun bi lissafin kuɗin Amurka shekara da shekara, suka fitar da sakamakon a 1963. Abin da suka nuna shi ne yawan kuɗin da ke yawo a ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1929 da 1933, babban bankin kuma yana zaune yana kallo. Babban banki na waye? Na gwamnati. Ki ƙara da dokar harajin kayan shigowa ta Smoot da Hawley a 1930, wadda ta sa sauran ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya shaƙe. Gwamnati ta kunna wuta, sannan ta dawo da guga tana neman a yaba mata.

Sannan shirye-shiryen farfaɗo da tattalin arziki na shugaban Amurka Roosevelt da ake ta kambamawa, an fara su a 1933, amma a 1939 rashin aikin yi yana sama da kashi 10. Shekara shida ana shan magani, ciwo bai tafi ba.

Hajiya Zainab:
Malam, ka karanta abin da ka rubuta da kyau. Laifin da Friedman ya ɗora wa babban banki shi ne ya naɗe hannu. Wato hujjarka ita ce hukuma ba ta sa baki ba a lokacin da ya kamata ta sa. Wannan ai ba maganar a bar kasuwa ta gyara kanta ba ce. Shi da Keynes sun yarda akwai gobara kuma dole a kashe ta, saɓaninsu a kan wace hukuma ce za ta kawo ruwan. Shi ya sa a 2002, wajen bikin cikar Friedman shekara 90, Ben Bernanke, ɗaya daga cikin manyan jami'an babban bankin, ya miƙe da sunan bankin ya amsa laifin, ya ce ba za su sake ba. Da rikicin kuɗi na 2008 ya zo kuma shi ne shugaban bankin, ai kowa ya ga irin kuɗin da ya zuba.

Batun 1939 kuma ka tsallake 1937. Daga 1933 tattalin arzikin yana hawa da sauri. A 1937 Roosevelt ya saurari masu cewa a daidaita kasafi, ya rage kashe kuɗi, babban banki kuma tsakanin 1936 da 1937 ya ninka ajiyar da ya wajabta wa bankuna. Nan take aka koma rami. Da yaƙin duniya ya tilasta wa gwamnati kashe kuɗin da ba wanda ya taɓa mafarkinsa, zuwa 1944 rashin aikin yi ya sauko ƙasa da kashi 2. Ba ina yabon yaƙi ba ne. Ina cewa maganin ya yi aiki da aka sha shi cikakke.

Kwamared Sadiq:
Ku biyun duk faci kuke yi wa riga ɗaya. Masu wa'azin kasuwa mai 'yanci suna yinsa ne har zuwa ranar da gobara ta isa gidansu. Bankin Lehman Brothers ya faɗi ranar 15 ga Satumba 2008, ba a yi wata guda ba majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna. Miliyoyin mutane kuwa aka ƙwace musu gidaje, aka ce musu ai haka kasuwa take. Riba tasu ce su kaɗai, asara ta kowa da kowa. In dai za a tsoma baki, ni tambayata ita ce don wa.

Malam Habibu:
Kwamared, yau dai mun haɗu a layi ɗaya, abin mamaki. Ceton bankin da ya yi caca da kuɗin mutane ba kasuwa mai 'yanci ba ce. A kasuwa ta gaskiya wanda ya yi ganganci shi ke kwana a ciki. Amma ka tambayi kanka me ya ba su ƙarfin halin yin gangancin. Sun san akwai mai ceto. Kuma babban banki ne ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1 a 2003 ya bar shi a nan shekara guda, bashi ya yi arha, kowa ya auka sayen gidaje. Hannun da kake kira ya zo ya gyara, shi ya dama kunun tun farko.

Kwamared Sadiq:
Ba mu haɗu ba Malam. Kai so kake a bar banki ya faɗi a kan kowa. Ni so nake tun farko a hana shi girman da faɗuwarsa za ta danne kowa.

Alhaji Garba:
Yarana, ku bar dattijo ya sa baki. Na ga kuna ta ambaton Turawa kamar su suka fara wannan magana. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙe shi ya yanka farashi. Ya ƙi, ya nuna musu Allah ne mai sa farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Ibn Khaldun kuma tun ƙarni na 14 ya lura cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, a ƙarshenta ta ɗora da yawa ta tara kaɗan, saboda mutane sun daina ganin amfanin wahala. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan sarki ya shiga fatauci da kansa, talakawa ne ke cutuwa, baitulmali ma ya ragu.

Na daɗe ina saye da sayarwa, abin da na sani shi ne farashi labari ne. Masanin tattalin arziki Friedrich Hayek ya kawo misali da kuza a 1945. Idan kuza ta yi ƙaranci a wani lungu na duniya, ba sai kowa ya san dalili ba. Farashinta zai hau, mai amfani da ita ya rage, mai haƙo ta ya ƙara, wani ya nemo madadinta, ba tare da wani ofishi ya aika wa kowa takarda ba. Ranar da hukuma ta daskarar da farashi, ta toshe bakin mai kawo labari ne. Shugaba Nixon ya gwada a Amurka a 1971. Da aka sake ƙullewa a 1973, masu kiwon kaji suka riƙa hallaka 'yan tsaki, don kuɗin ciyar da su ya wuce abin da doka ta yarda a sayar da kazar. A Jamus ta Yamma kuwa, a watan Yunin 1948 aka canza kuɗi, jami'in da ke kula da tattalin arziki, Ludwig Erhard, ya ɗage yawancin ƙayyade farashi, kayan da aka rantse babu su suka fito kantuna cikin kwanaki.

Malama Rabi:
Allah ya ƙara girma Baba. Hadisin haka yake, sai dai malamai ba su tsaya nan ba. Ɓoye kaya don a tsawwala wa mutane haramun ne da nassi, kuma Ibn Taimiyya ya yi bayanin cewa idan 'yan kasuwa suka haɗa kai suka riƙe abin da jama'a ba su da makawa sai shi, hukuma na iya tilasta musu sayarwa a kan farashin da ya dace. Tsadar da ƙarancin kaya ya kawo daban, wadda haɗin baki ya kawo daban.

Su kansu waɗanda ake jingina wa kasuwa mai 'yanci ba su kai almajiransu zafi ba. Adam Smith a 1776 ya ce da wuya masu sana'a ɗaya su taru, ko don nishaɗi ne, ba su ƙare da ƙulla yadda za su ɗaga wa jama'a farashi ba. Kuma cikin ayyukan da ya ɗora wa hukuma, bayan tsaro da shari'a, akwai manyan ayyukan da jama'a ke amfana da su amma ba za su biya ɗan kasuwa ɗaya ba. Hayek a 1944 ya yarda ƙasa mai wadata ta tabbatar wa kowa ɗan abin ci da sutura da makwanci. Erhard ɗin ma ai yana aiki ne a lokacin da kuɗin shirin Marshall, wajen dala biliyan 13 na gwamnatin Amurka, ke shiga Yammacin Turai.

Ni abin da nake so Malam Habibu ya amsa mini shi ne Koriya ta Kudu. A 1968 gwamnatin Park Chung-hee ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO. Ƙasar ba ta da wadataccen tama, ba ta da gogewa, Bankin Duniya ya duba ya ce abin ba zai biya ba. Suka karkatar da kuɗin diyyar da Japan ta ba su suka gina, aka fara narka ƙarfe a 1973, kamfanin ya zama ɗaya daga cikin manya a duniya. Da kasuwa aka jira, yaushe za ta ba su izini?

Malam Habibu:
Malama, ana tuna wanda ya ci caca, ba a ƙirga waɗanda suka koma gida da ƙafa. Ƙasashe nawa ne suka gina kamfanin ƙarfe na gwamnati ya zama maƙabartar kuɗi? Ki dubi Indiya. Shekaru kusan 40 ɗan kasuwa sai ya samu lasisi kafin ya ƙara yawan abin da yake ƙerawa, mutum ya yi shekaru a layi yana jiran babur ko wayar tarho. A 1991 kuɗin waje ya ƙare musu saura na 'yan makonni, har sai da suka ɗebi zinarensu a jirgi suka kai jingina Ingila. Da ministan kuɗi na lokacin, Manmohan Singh, ya yayyaga yawancin lasisin nan, sai ƙasar ta miƙe.

Ko Sin da ake cewa gwamnati ce ta gina ta. A 1978 manoma 18 a ƙauyen Xiaogang suka ɓuya suka dangwala yatsa a takarda cewa za su raba gonar gandu, kowa ya noma tasa, wanda aka kama kuma sauran su riƙe masa 'ya'ya. Girbin da suka samu ya sa hukuma ta kau da kai, daga baya ta mayar da abin doka. Abin da gwamnatin ta yi na alheri a nan shi ne ta ɗaga ƙafarta daga wuyansu.

Malama Rabi:
Indiya da Koriya duk sun tsoma baki, to me ya raba su? Indiya ta kare kamfanoninta daga gasa ta bar su suna barci. Koriya ta ba da bashi mai sauƙi da kariya, amma da sharaɗin ka fitar da kaya waje ka sayar. Baƙon da ke wata ƙasa ba ya sayen kayanka don kana da ɗan uwa a ma'aikata. Wanda ya kasa cika alƙawari a yanke masa tallafi. Wato sun ɗauki kasuwar duniya suka mayar da ita alƙalin da zai faɗa musu wanda ya ci jarrabawa. Wahalar ba wajen ba da tallafi take ba, kowace gwamnati ta iya wannan. Wajen janye shi daga hannun wanda ya saba take.

Abba:
To ni yanzu kaina ya ɗaure. Japan bashinta ya haura ninki biyu na abin da take samarwa a shekara, ba ta karye ba. Sri Lanka ba ta kai haka ba ta kasa biya a 2022. Zimbabwe kuma ta buga kuɗi har da takardar dala tiriliyan 100. Wanne ne darasin?

Hajiya Zainab:
Tambayar da ta fi duk abin da muka faɗa ke nan. Kafin ka ce bashi ya yi yawa, ka tambaya da wane kuɗi aka ci shi, kuma wa ke bin sa. Na Japan da yen ne, yawancinsa 'yan ƙasa ke bi, kusan rabin takardun ma suna hannun babban bankinta. Sri Lanka da Zambiya a 2020 da Ghana a 2022 da dala suka ci kaso mai yawa, dalar da ba su da injin buga ta. Darajar kuɗinka na faɗuwa, bashin na kumbura ba tare da ka ƙara cin ko sisi ba. Shawarar da ta dace da Japan tana iya hallaka Sri Lanka.

Sai tambaya ta biyu: akwai hannaye da injina da ke zaune? Zimbabwe noma ya rushe, kaya suka ragu, aka yi ta buga takarda tana bin kayan da babu. Wannan ba abin da Keynes ya ce a yi ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Girka. Na yarda gwamnatocinta sun yi almubazzaranci, sun ɓoye lissafi, giɓin kasafin 2009 ya kai kusan kashi 15 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Amma tsuke bakin aljihun da aka ɗora mata ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinta, rashin aikin yi ya kai kashi 27 a 2013, bashin da aka zo ragewa ya tashi daga kusan kashi 127 na abin da ƙasar ke samarwa zuwa kusan 180. A farkon 2013 babban masanin IMF na lokacin, Olivier Blanchard, ya fitar da binciken da ya nuna hasashensu ya raina ɓarnar da tsukewar za ta yi a Turai. Kuma masu tsoratar da mu da hauhawar farashin Jamus ta 1923 su riƙa ƙarasa labarin. Hitler bai hau mulki a 1923 ba. Ya hau a 1933, bayan gwamnatin Jamus ta Heinrich Brüning ta yi ta yanke albashi da kashe kuɗi har marasa aiki suka kai miliyan 6.

Malam Habibu:
Hajiya, ko na sallama miki duk wannan, ga inda gizo ke saƙar. Takardar maganin Keynes fuska biyu gare ta: a kashe a lokacin tsanani, a tara a lokacin yalwa. Nuna mini ɗan siyasar da ke juya takardar ya karanta bayanta. James Buchanan da Richard Wagner sun faɗi haka tun 1977, cewa an cire wa 'yan siyasa kunyar cin bashi, aka miƙa musu hujjar ilimi a kan abin da dama shi suke so. Tun daga 1970 zuwa yau, shekaru huɗu kacal gwamnatin tarayyar Amurka ta yi rarar kasafi, 1998 zuwa 2001. Duk sauran shekarun tsanani ne?

Kuma mun ga ƙarshen abin sau biyu. A shekarun 1970 aka yi ta zuba kuɗi don a sayi ayyukan yi da ɗan hauhawar farashi, aka tashi da duka biyun, tsada da zaman banza, kamar yadda Friedman ya yi gargaɗi tun 1967. Hauhawar ta haura kashi 13 a 1980, sai da shugaban babban bankin Amurka na lokacin, Paul Volcker, ya kai kuɗin ruwa wajen kashi 20 kafin ta karye, talaka kuma ya biya da aikinsa. Na biyu, bayan tallafin korona na dala tiriliyan 2.2 da Amurka ta fitar a Maris 2020, aka ƙara tiriliyan 1.9 a Maris 2021 alhali kasuwa ta riga ta fara tashi. Larry Summers, tsohon sakataren baitulmalin Amurka, wanda ɗan gidanku ne, ya ce abin ya yi yawa. Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1.

Hajiya Zainab:
Na 2021 ya wuce kima, Summers kuma da lissafin Keynes ɗin ya gano haka, ya auna girman ramin ya ga ƙasar da aka kawo ta fi shi. Amma kada a manta da tsadar makamashi bayan yaƙin Yukren da cunkoson tashoshin jiragen ruwa, don Turai ba ta zuba irin wannan kuɗin ba ita ma ta sha tsada.

Kuma cin bashi ba cutar ɓangare ɗaya ba ce. Liz Truss, tsohuwar firaministar Birtaniya, ai taku ce. Satumban 2022 gwamnatinta ta sanar da rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da ta ce ga inda za a cike ba. Fam ya faɗi warwas, Bankin Ingila ya fito ceto, ba a rufa wata guda ba ta sauka. Kasuwar da take yi wa kirari ita ta kore ta.

Ka ce in nuna maka wanda ya karanta bayan takardar. Chile. A 2001 suka kafa ƙa'ida cewa kasafi zai dogara ne a kan farashin tagulla na dogon zango, ba na bana ba, kuma kwamitin masana daga wajen gwamnati ne ke ƙiyasta shi. Da tagulla ta yi tsada, ministan kuɗi Andrés Velasco ya ƙi sakin rarar. Aka zage shi, masu zanga-zanga suka ƙona mutum-mutuminsa a titi. Zuwa ƙarshen 2008 asusun da ake zuba rarar ya tara wajen dala biliyan 20. Rikicin kuɗi na duniya na zuwa, a Janairun 2009 suka fito da shirin dala biliyan 4 daga aljihunsu, ba su roƙi kowa ba. Mutumin da aka ƙona hotonsa ya zama ministan da aka fi so a ƙasar.

Alhaji Garba:
'Yata, wannan ai shawarar Annabi Yusuf ce, alaihis salam. Shekara bakwai ana tarawa a zangarniya, shekara bakwai ana fitarwa. Sai dai ku lura, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata, mai tsarewa kuma masani. Ku duk a kan sanin kuke ta jayayya tun ɗazu.

Malam Habibu:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Chile da Norway, wadda ita ma ta ɗaure kanta da cin kusan kashi 3 na asusun kuɗin man fetur ɗinta a shekara, ƙasashe nawa ke nan cikin kusan 200? Tsarin da ba ya aiki sai an samu mai amana irin wannan, ni ba zan ba shi makullin taska ba.

Kwamared Sadiq:
Kafin a gama yi wa Chile guɗa, a tuna Oktoban 2019. Ƙarin peso 30 a kuɗin jirgin ƙasa na Santiago ya fito da mutane sama da miliyan ɗaya titi, suna cewa ba peso 30 ba ne, shekara 30 ce. Lissafin baitulmali ya yi kyau, amma fansho da karatu da asibiti an bar wa kasuwa, mutane suna ninƙaya a bashi. Kuma kwamitin masanan nan da kuke yabo, wa ya zaɓe su? Idan sun yi kuskure a wace akwatin ƙuri'a zan hukunta su?

Abba:
To babu yadda za a yi kuɗin ya riƙa fita da kansa idan an shiga tsanani, ya tsaya da kansa idan an fita, ba sai an jira ɗan siyasa ko kwamiti ba?

Hajiya Zainab:
Akwai, kuma yana aiki a ƙasashe da yawa ba tare da an lura ba. Alawus na waɗanda suka rasa aiki shi ne babban misali. Kamfanoni na sallamar mutane, masu karɓa na ƙaruwa, kuɗi na shiga kasuwa a makon da ake buƙatarsa. Suna komawa aiki, biyan ya tsaya. Harajin samu ma haka, yana sauka da kansa idan samu ya ragu. Ba a jiran majalisa ta yi wata shida tana cacar baki, ba kuma a ƙirƙiro kwangilar da za a raba wa 'yan gaban goshi.

Malam Habibu:
Wannan zan iya zama a tattauna, don Friedman da kansa ya kawo shawara a 1962 cewa wanda samunsa ya gaza wani mizani, hukumar haraji ta cika masa da tsabar kuɗi. Sharaɗina shi ne ya maye gurbin tallafin kaya da ɗimbin hukumomin da ke rabon sa, kada a ɗora shi a kansu.

Malama Rabi:
Ku dakata, kun yi saurin shan hannu. Duk wannan yana tafiya ne a inda hukuma ta san wa ke aiki, nawa yake samu, yaushe aka sallame shi. A ƙasashe masu tasowa da yawa mafi yawan masu aiki ba su da takardar albashi, ba wanda ya ɗauke su balle ya sallame su, ciniki ne kawai yake raguwa. Mai tura kaya a kasuwa da ya wuni bai samu ko ɗaya ba, a wane layi na rajistar zai fito? Hajiya, Malam, wannan nake so ɗayanku ya amsa kafin Kwamared ya dawo.